"An Gwada Shi a Ɗakin Bincike": Me Wannan Magana Take Nufi?

A kasuwannin ƙauye, a tashar mota, har ma a rediyo, ana yawan jin mai tallar magani yana cewa, "An gwada shi a ɗakin bincike, an ga yana kashe ƙwayoyin cuta." Wani lokaci ƙarya ce kawai. Amma wani lokaci gaskiya ce, an yi gwajin, ƙwayoyin cutar kuwa sun mutu. Duk da haka maganar ba ta kai inda mai saye yake tsammani ba. Mai tarin fuka da ya ajiye maganin asibiti a wata na uku domin ya koma wa irin wannan magani yana wasa da ransa ne, da na yaran da suke kwana ɗaki ɗaya da shi. Domin haka muka ga ya dace mu bayyana wa 'yan'uwa yadda ake yin irin wannan gwaji, mu ɗauki misali da sojojin jiki waɗanda aikinsu shi ne haɗiye ƙwayoyin cuta. Za ku ga cewa su kansu masu bincike sukan sami amsa dabam dabam, gwargwadon irin sojan da suka sa a cikin kwalbarsu.

Kafin mu ci gaba, ku lura cewa Hausa ta ɗora wa kalmar "ƙwaya" kaya da yawa. Akwai ƙwayar magani, akwai ƙwayar cuta, akwai kuma ƙwayar halitta, wato ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jikin mutum da dabba da shi, wanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Domin kada mu rikice, sojojin da muke magana a kansu za mu kira su "masu haɗiya".

Su wane ne masu haɗiya?

A ƙarshen shekarar 1882 wani masani mutumin Rasha mai suna Ilya Mechnikov yana zaune a garin Messina na ƙasar Italiya, yana nazarin 'ya'yan wata halittar teku mai siffar tauraro. Jikin 'ya'yan garau yake, ana ganin abin da yake ciki kamar ruwa a kwalba. Sai ya ɗebo ƙayar fure ya soka musu. Da gari ya waye ya duba a madubi, ya tarar wasu ƙwayoyin halitta masu yawo sun taru sun kewaye ƙayar, suna neman cinye ta. Daga nan ya gane cewa jiki yana da masu tsaro da suke zuwa duk inda baƙon abu ya shiga. An ba shi kyautar Nobel a 1908 saboda wannan aiki.

Masu haɗiya suna cikin fararen ƙwayoyin jini, kuma iri biyu ne suka fi muhimmanci. Na farko su ne mafi yawa, su ne suke fara isa wurin rauni, su ci, su mutu cikin kwana ɗaya ko 'yan kwanaki. Mugunyar da kuke gani a maruru ko miki, yawancinta gawarwakinsu ne. Na biyu sun fi girma, sun fi daɗewa, wasu sukan yi watanni har shekaru. Likitoci suna kiransu makrofaj, kalma ce daga harshen Girkanci mai nufin babban maciyi. Su ne za mu fi tsayawa a kansu.

Yadda suke aiki yana da ban sha'awa. Idan makrofaj ya ji ƙwayar cuta, sai ya miƙa jikinsa ya lulluɓe ta, ya sa ta cikin wata 'yar jaka a cikinsa. Sa'an nan wata jaka mai ɗauke da ruwa mai tsami da sinadarai masu narkarwa ta zo ta haɗu da ta farkon, ƙwayar cutar ta narke. Bayan haka yakan nuna wa sauran sojojin jiki guntayen abin da ya ci domin su san kamannin abokin gaba, yakan kuma saki wasu sinadarai da suke kiran taimako, su ne suke kawo kumburi da zazzaɓi.

Ana samun makrofaj kusan ko'ina a jiki, kuma kowane wuri da irin nasa. Na huhu suna share ƙura da hayaƙin murhu da muke shaƙa. Na hanta suna tace jinin da ya fito daga hanji. Na saifa suna kwashe jajayen ƙwayoyin jini da suka tsufa bayan kamar kwana 120, da waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya ɓata. Wannan yana cikin dalilan da suke sa saifar yaro ta kumbura a inda zazzaɓi ya yi yawa. Akwai na ƙwaƙwalwa, akwai na fata. Da can masana sun ɗauka cewa dukansu daga jini suke fitowa, su shiga nama su zauna. Daga wajen 2010 aka tabbatar cewa da yawa daga cikinsu, musamman na ƙwaƙwalwa, sun shiga wurinsu tun mutum yana cikin mahaifiyarsa, kuma a nan suke sabunta kansu har tsufa.

Cutar da ta mai da mai gadi masauki

Abin da ya sa wannan magana ta shafe mu kai tsaye shi ne tarin fuka. A ranar 24 ga Maris 1882, shekarar nan da Mechnikov ya yi gwajinsa, Robert Koch ya sanar a birnin Berlin na Jamus cewa ya gano ƙwayar cutar. Har yau ba ta sake mu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mutum miliyan 10.8 suka kamu da ciwon, kimanin miliyan 1.25 suka mutu, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashe takwas da suka fi yawan masu ciwon.

Ƙwayar tarin fuka tana shiga huhu ta iska, makrofaj na huhu ya haɗiye ta kamar yadda ya saba. Amma ita ba ta narkewa. A 1971 wasu masana biyu a Landan, Armstrong da Hart, suka sa ta cikin makrofaj na ɓera a ɗakin bincike, suka ga cewa idan ƙwayar cutar tana da rai, jakar nan mai ruwan tsami ba ta haɗuwa da jakar da take ciki. Idan kuwa matacciya ce, sai su haɗu. Wato ƙwayar cutar tana kulle ƙofa daga ciki, ta zauna lafiya cikin mai gadin da ya kamata ya kashe ta, ta yi ta haihuwa a hankali. Ƙwayar cutar ƙanjamau ma tana iya ɓuya cikin makrofaj, haka kuma ta ciwon kala-azar da ya addabi wasu sassan Sudan.

Saboda haka mai neman sabon maganin tarin fuka ba zai tsaya ga zuba shi a kan ƙwayar cuta tsirara ba. Dole ya ga ko maganin yana iya shiga cikin makrofaj ya same ta a maɓuyarta, ba tare da ya kashe makrofaj ɗin ba. Yana bukatar makrofaj masu yawa a cikin kwalba. To, a ina zai same su?

Kajin gona da kajin gida

Hanya mafi sauƙi ita ce a yi amfani da ƙwayoyin halitta da ba sa daina haihuwa. Lafiyayyun ƙwayoyin jikin mutum sukan rabu sau da dama su tsaya, amma na ciwon daji ba su san tsayawa ba. Na farko da aka iya rayarwa haka daga jikin mutum an ɗauke su ne a 1951 daga wata baƙar fata 'yar Amurka mai suna Henrietta Lacks, wadda take fama da ciwon dajin bakin mahaifa. Ba a nemi izininta ba. Ta rasu a shekarar tana da shekara 31, amma ƙwayoyin jikinta suna nan suna haihuwa a ɗakunan bincike na duniya har yau.

Masu nazarin makrofaj suna da irin nasu. Wanda aka fi amfani da shi ana kiransa THP-1, an samo shi daga jinin wani yaro ɗan shekara ɗaya mai sankarar jini a Japan, aka ba da labarinsa a 1980. Akwai U937, daga ruwan ƙirjin wani mutum ɗan shekara 37 mai ciwon daji, wanda masana a Suwidin suka rayar a shekarun 1970. Akwai kuma na ɓera guda biyu da suka shahara, RAW 264.7 da J774, dukansu daga ƙarin ciwon daji na ɓeraye.

Duk wanda ya taɓa kiwon kajin gidan gona zai gane amfaninsu da kuma aibinsu. Kamarsu ɗaya, suna girma da sauri, ana samunsu da yawa a lokaci guda, kuma abin da ka gani a kejinka shi maƙwabcinka zai gani a nasa. Amma ba wanda zai kalli kazar gidan gona ya ce ya san yadda kazar gida take kiwo a bayan rumbu, ko yadda take kare 'yan tsakinta daga shaho. Haka waɗannan ƙwayoyi suke. Suna da arha, ana iya daskarar da su a aika wata ƙasa, amma 'ya'yan ciwon daji ne, kuma sun yi fiye da shekara 40 suna zaune a kwalba.

THP-1 ma idan aka bar shi yadda yake ba cikakken makrofaj ba ne. Yana yawo ne cikin ruwan abincinsa, dunƙulalle, ba ya cin abin kirki. Sai an zuba masa wani sinadari mai suna PMA, wanda asalinsa daga man 'ya'yan wani itace na ƙasashen Asiya yake, sa'an nan ya daina haihuwa, ya manne a gindin kwalba, ya baje, ya fara haɗiya. A nan ma akwai matsala, gama kowane ɗakin bincike da nasa awo. Wani ya zuba kaɗan, wani ya ninka wannan sau goma ko ashirin. Wani ya bar shi kwana ɗaya, wani kwana uku. A 2010 masana a jami'ar Sheffield ta Ingila suka nuna cewa idan aka cire sinadarin bayan kwana uku aka bar ƙwayoyin suka huta kwana biyar, sukan fi kama da makrofaj na gaske. Ashe mutum biyu za su iya cewa sun yi gwaji da THP-1, alhali ba abu ɗaya ba ne a kwalabensu.

Hanya ta biyu ita ce a ɗebi jinin mutum mai lafiya, a ware fararen ƙwayoyin da suke zama makrofaj, a yi renonsu kamar mako guda da wani sinadari mai sa su girma. Waɗannan sun fi kusa da gaskiya. Amma ba sa haihuwa, kowane gwaji sai an nemi sabon jini, kuma jinin kowa da halinsa: na wannan ya kashe ƙwayar cuta da ƙarfi, na wancan ya yi sanyi. Ko sinadarin renon ma iri biyu ne, kuma kowanne yana ba da makrofaj mai siffa da hali dabam. Masu aiki da ɓeraye sukan yi kusan haka da ɓargon ƙashin ɓera.

Hanya ta uku, wadda ta fi wuya, ita ce a je inda makrofaj yake zaune a ɗauko shi. Domin a sami na huhu, sai an zura siririn bututu ta hanci ko baki har cikin huhu, a zuba ruwan gishiri, a zuƙo shi. Ba kowa zai yarda a yi masa haka ba, abin da ake samu kuma kaɗan ne.

Inda amsoshi suka rabu

Bari mu ga yadda bambancin nan yake canza sakamako. Makrofaj na ɓera, idan aka tsokane shi a kwalba, yana fitar da wata iska mai guba da ake kira naitirik oksaid da yawa ƙwarai, da ita yake kashe ƙwayar tarin fuka. A 1997 masana a Amurka suka nuna cewa ɓerayen da aka hana su iya yin wannan iska suna mutuwa da sauri idan aka sa musu tarin fuka. Amma da aka yi wa makrofaj na mutum irin wannan tsokana a kwalba, iskar da ya fitar ba ta taka kara ta karya ba. An daɗe ana muhawara a kan haka, domin an sami alamar cewa a cikin huhun masu tarin fuka makrofaj na mutum yana iya yin ta. Ko ta yaya, maganin da yake aiki ta hanyar ƙara wannan iska zai yi abin mamaki a RAW 264.7, ya zo THP-1 ya yi shiru.

Mutum kuma yana da makamin da ɓera ba ya amfani da shi haka. A 2006 masana a jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka gano cewa makrofaj na mutum, idan ya ji ƙwayar tarin fuka, yana amfani da bitamin D, wanda fata take yi idan rana ta taɓa ta, domin ya ƙera wani ƙaramin furotin mai kashe ƙwayar cuta. A jikin ɓera bitamin D ba ya kunna wannan furotin. Da a kan ɓera kaɗai aka tsaya, da ba a gano shi ba. Labarin ya faranta wa mutane rai ƙwarai, har wasu suka fara cewa bitamin D zai hana tarin fuka. Sai aka gwada a kan mutane. A ƙasar Mongoliya an ba 'yan makaranta fiye da 8,000 ko bitamin D ko abin da ba magani ba, kowane mako har shekara uku. Da aka fitar da sakamako a 2020, waɗanda suka sha bitamin D sun kamu da ƙwayar cutar daidai da waɗanda ba su sha ba. Abin da aka gani a kwalba gaskiya ne, kuma da ƙwayoyin mutum aka gan shi, amma bai zama kariya a jikin yara ba.

Ko tsakanin ɓera da ɓera akwai bambanci. RAW 264.7 ya rasa wani furotin da ake kira ASC, wanda yake cikin na'urar da makrofaj yake buga ƙararrawa da ita, wadda take sakin ɗaya daga cikin manyan sinadaran zazzaɓi da kumburi. J774 yana da shi. Wanda bai san haka ba zai zuba ƙwayar cuta a kan RAW 264.7, ya ji shiru, ya rubuta cewa wannan cuta ba ta tayar da ƙararrawa, alhali ƙararrawar ce ba ta da igiya. Wannan ya kamata a riƙe, domin a kan RAW 264.7 ake yin gwaje-gwaje masu yawa na saiwoyi da ganyaye da ake cewa suna maganin kumburi.

Misalin da ya fi ba ni sha'awa ya shafi cutar ƙanjamau. Ƙwayarta iri biyu ce. Ta farko ita ce ta cika duniya. Ta biyu an gano ta a 1986, an fi samunta a Afirka ta Yamma, musamman wajen Gini Bisau da maƙwabtanta. An lura cewa ta farkon tana shan wuya kafin ta kama THP-1 da aka mai da makrofaj, amma U937 tana shigarsa cikin sauƙi. Dukansu na mutum ne, dukansu ana kiransu madadin makrofaj, amma amsarsu ta saba. A 2011 wasu masana a Faransa da wasu a Amurka suka gano dalili: THP-1 da makrofaj na gaske suna da wani furotin mai suna SAMHD1 wanda yake kwashe kayan ginin da ƙwayar cutar take bukata domin ta kafa kanta, U937 kuwa ba shi da shi. Ƙwayar ƙanjamau iri na biyu tana zuwa da nata makamin da yake rushe wannan furotin. A nan bambancin bai zama asara ba, shi ne ma ya taimaka aka gane abin da yake faruwa. Wannan ya nuna cewa ba laifin ƙwayoyin kwalba ba ne. Laifin yana wurin wanda ya gwada iri ɗaya kaɗai ya fita yana shela.

Kwalba ba jiki ba ce

Ko da an sami makrofaj na gaske daga jikin mutum, da zarar ya bar gidansa ya fara canzawa. A 2017 masana a San Diego ta Amurka suka ɗauki makrofaj na ƙwaƙwalwa daga naman da aka cire wa marasa lafiya lokacin fiɗa, suka sa su a kwalba. Cikin 'yan sa'o'i ɗaruruwan umarnan gado da suke sa su zama na ƙwaƙwalwa suka yi sanyi. Maƙwabtansu ne suke tuna musu ko su wane ne, da aka raba su sai suka fara mantawa.

Ku dubi yanayin kwalbar. Ana ajiye ta a zafin jiki, maki 37, wannan daidai ne. Amma gindinta roba ce mai tauri, nama kuwa taushi ne da shi. Abincin da ake ba su yawanci ana haɗa shi da ruwan jinin ɗan maraƙi. Iskar oksijin da suke samu ta kusa da ta sarari, wadda take kashi 21 cikin 100, alhali a yawancin sassan jiki ba ta kai rabin haka ba. Babu hanta da za ta narkar da maganin, babu ƙoda da za ta fitar da shi, babu ciki da zai ƙi karɓarsa. A jikin mai tarin fuka kuma ƙwayoyin cutar ba cikin makrofaj kaɗai suke ba. Da yawa suna kwance cikin ruɓaɓɓen nama mai kama da cuku a tsakiyar gyambon huhu, inda jini ba ya kaiwa sosai, wasu magunguna kuma ba sa ratsawa. Yawancin ɓerayen gwaji ba sa yin irin wannan gyambo, shi ya sa ake komawa ga zomaye da birai da wani irin ɓera na musamman.

Manoma sun san wannan tun da daɗewa. Irin masara da ya yi kyau a gonar gwaji, da taki da ban ruwa da shinge, sai an kai shi jigawa da fadama, an ga yadda zai yi da fari da wuta-wuta, kafin a ce wa jama'a su sayar da irinsu na gado.

Abin yana faruwa ta kowace fuska. Yawancinmu mun san kulorokwin. A farkon 2020, da cutar korona ta ɓarke, an zuba shi a kan wasu ƙwayoyin kwalba da aka samo daga ƙodar wani birin Afirka tun 1962, ya hana ƙwayar korona shiga. Labari ya bazu, mutane suka yi ta saye, har a Legas aka kwantar da waɗanda suka sha fiye da kima a watan Maris na shekarar. Daga baya masana a Jamus suka gwada shi a kan ƙwayoyin huhun mutum, bai hana komai ba, domin ta wata ƙofa dabam cutar take shiga huhu. Wani babban gwaji a Birtaniya da ya haɗa marasa lafiya fiye da 4,000 ya nuna cewa ɗan'uwansa haidiroksikulorokwin bai rage mutuwa ba. Waɗannan ba makrofaj ba ne, amma darasin ɗaya ne da na THP-1 da U937.

Akwai kuma akasin haka. Kusan duk wanda ya sha maganin tarin fuka ya sha wani mai suna pirazinamaid, yana cikin magunguna huɗu na watanni biyu na farko. Idan aka zuba shi a kan ƙwayar cutar cikin ruwan gwaji na yau da kullum, kusan ba ya yin komai. Sai ruwan ya yi tsami yake nuna ƙarfinsa. An gane amfaninsa ne a farkon shekarun 1950 domin an gwada shi a jikin ɓeraye masu rai. Da an bi hukuncin kwalba kaɗai, da an zubar da shi. Shi ne kuwa ya taimaka aka rage jinyar tarin fuka daga wata tara zuwa wata shida.

Abin da masu bincike suke yi, da abin da za mu tambaya

Masu bincike na kirki sun san duk wannan, shi ya sa suke hawa mataki mataki. Su fara da THP-1 ko RAW 264.7 domin su tace ɗaruruwan sinadarai da arha. Abin da ya tsira su gwada shi da makrofaj daga jinin mutane da dama. Sa'an nan dabbobi. Sa'an nan mutane kaɗan masu lafiya domin a ga ko yana da illa, sa'an nan marasa lafiya ɗaruruwa, sa'an nan dubbai, ana kwatanta su da waɗanda suka sha tsohon magani. Ko cikin magungunan da suka kai matakin gwaji a kan mutane, kamar tara cikin goma ba sa kaiwa ƙarshe. Ana kuma neman hanyoyi da suka fi kusa da jiki. Tun 2007, bayan aikin Shinya Yamanaka na Japan, ana iya ɗaukar ƙwayar fatar mutum a mai da ita kamar ta jariri a ciki, daga nan a reno ta ta zama makrofaj. Waɗannan ba 'ya'yan ciwon daji ba ne, ana kuma samunsu da yawa, sai dai suna da tsada, kuma su ma a kwalba suka girma.

Saboda haka idan wani ya kawo muku magani, na bature ne ko na gargajiya, ya ce an gwada shi a ɗakin bincike, ba rashin kunya ba ne ku tambaye shi: a kan me aka gwada, kwalba ce, ko ɓera, ko mutum? Mutum nawa? Da wa aka kwatanta su? Wannan ba raina maganin gargajiya ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibiti yanzu daga ganyen wani tsiro na ƙasar Sin aka samo shi, amma sai da ya bi dukan matakan nan. Ku tuna kuma cewa ruwan wanke tufafi mai sa fari ma yana kashe kowace ƙwayar cuta a kwalba, ba wanda zai ba ɗansa ya sha.

Ga masu jinyar mai tarin fuka a gida, abin da muka bayyana a sama shi ne dalilin tsawon jinyar. Ƙwayar cutar tana ɗaukar sa'a 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, alhali wasu ƙwayoyin cutar hanji minti 20 ya ishe su. Wasu kuma suna kwance cikin makrofaj da cikin ruɓaɓɓen nama kamar masu barci, magani ba ya kama su da sauri. Bayan 'yan makonni tari yakan ragu, mutum ya fara cin abinci, ya ji kamar ya warke. Waɗanda suka mutu a lokacin su ne na fili, na ɓoye suna nan. Idan aka tsaya a nan sukan farfaɗo, wani lokaci su dawo ba sa jin maganin farko, sai an koma wa wasu magunguna masu wuyar samu. A Nijeriya gwajin majina da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta amince da su, ciki har da asibitocin mishan da yawa. Duk wanda ya yi mako biyu yana tari, musamman idan akwai rama, zufar dare ko zazzaɓin yamma, a kai shi a gwada majinarsa, a kuma tafi da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da suke gida ɗaya da shi domin a duba su.